Kunya Ɗaya Ta Masu Ciwo

Shekara shida mutanen Kadawa suna kirana 'yar boko mai wasa da taɓo, ban fasa ba. Yau ga shi ana roƙon ƙasar gonata kamar ɗiban wuta a maƙwabta, domin a cikinta akwai 'yan halittun da ke cinye cutar da ke kashe tumatir.

Da hantsi Kawu Ɗanjummai, wanda ya fi kowa yi mini dariya, ya zo da kwano a ɓoye cikin riga. Tumatirinsa ya fara yaushi, kuma da shi gidansa zai ci bana.

"Asabe, ko cikin tafin hannu ne."

"Kawu, taɓon 'yar boko?"

"Allah ya shirye ki. Zuba mini!"

Na cika masa kwanon muna ta dariya. Sai ya hango kunya ɗaya a ƙarshen gona, duk shukarta ta yanƙwane.

"Wannan fa? Tuge ta mana!"

"Da gangan nake kiwon cutar, Kawu. In ta ƙare, me 'yan halittun cikin ƙasar za su ci?"

Ya dubi kwanon, ya ɗan nisanta shi da cikinsa.

"To, a riƙa ba su, kada su waiwayo kanmu."