Hodar Malam-buɗe-littafi

A ɗakin gwaji a Makarfi, ta saka fiffiken malam-buɗe-littafi ƙarƙashin madubin likita, ta kafa ido. Abin da ta taso tana kira hoda, ashe 'yan mitsi-mitsin ɓawo ne jere sahu-sahu, kowane sahu ya hau kan na ƙasansa, ba kafar da ruwa zai bi.

Shekara talatin da suka wuce, a Malikanchi, takan kama malam-buɗe-littafi a bakin gonar rake, ta goga rawayar hodarsa a kumatu, wai kwalliya. Babanta mai baibaya yakan leƙo daga kan jinka.

"Sake shi, uwata. Kina yaye masa rufi, ga damina ta kawo kai."

Dariya take yi masa. Har ya rasu bai taɓa shiga ajin boko ba.

Yanzu a ɗakin gwajin, ta matsar da gilashin da fiffiken ke kai. Inda yatsanta ya taɓa ɗazu, fili ne fetal.

"Me kika gani ne haka?" in ji abokiyar aikinta.

Ta ɗago kai daga madubin.

"Irin aikin Baba," ta ce. "Kuma na sake yaye shi."