Bututun da Eilif Ya Jefa Teku

Gwiwar hannun Eilif ta same ni a baki, haƙorina ɗaya ya faɗi a daɓen jirgin ruwa. Ban saki bututun ba.

Laka ce a ciki, mun haƙo ta daga ƙasan teku, arewa da tsibiran Svalbard. Shekara talatin Eilif, malamina, yana cewa dutsen ƙanƙara ya taɓa rufe nan. Da safe na duba lakar da aka rubuta wa sunan wurin, na ce masa babu tsakuwar da ƙanƙara ke bari, ko ɗaya. Taswirar da ya zana ta inda ƙanƙarar ta taɓa kaiwa ta rushe ke nan.

"Saki, Ragnhild," ya ce. "Ba za ki kai wannan gaban malaman Tromsø a yi mini dariya ba."

"Tsaya ka ji, tsoho..."

Ya buga kaina da ƙarfen jirgi. Na cije shi a hannu har na ji ƙashi. Ya take mini yatsu da takalmi, biyu suka karye. Ya cicciɓi bututun ya wurga teku, ya tsaya yana haki.

Ƙanƙarar saman teku ta riga ta rufe wurin haƙar, babu komawa a haƙo wata.

Na tofar da jini na ce, "Abin da na biyo ka in faɗa, kuskure na yi wajen manna sunaye. Lakar safe ta wani wuri ce. Wannan da ka jefa ita ce taka. Cike take da tsakuwa, Eilif. Kai ne da gaskiya."