Ɗan Kunkurun Mai Walda

Marin mai walda na farko ya kifar da ƙanin matarsa kan babur, na biyu ya cire masa haƙori. Mai walda bai tsaya ba sai da matar ta rataye a hannunsa tana kuka.

Laifin ƙanin nata shi ne ya shigo tsakar gida da babur, ya taka ɗan kunkurun da mai walda ya tsinto ƙarƙashin tarin ƙarafa a shago. Mutumin da ko uwarsa ba ta cika ganin dariyarsa ba, wai shi ne ke kiran kunkuru "ɗan baba".

Ƙoƙon bayan kunkurun ya tsage. Mai walda ya wanke ciwon da ruwan ɗumi, ya haɗe tsagar da gam, ya kwantar da shi a kwalin takalmi. Sannan ya nuna ƙanin matar da guduma.

"In ya mutu, hannun nan da kake tuƙi da shi sai na daka shi."

Kowa ya sani, ba ya faɗa ya fasa.

Kunkuru ya ƙi ci. A ɗiga masa ruwa da sirinji, ya dawo da shi. Ido ya rufe, wuya ya saki. Mai walda ya wuni a shago yana jibgar ƙarfe kamar shi ya yi laifin, ya dawo ya tsaya kan kwali yana huci. Matar ta daina taɓa abinci. Sai zaryar kasuwa da jaka, wai neman ganyen da zai yarda ya ci.

Ranar da ya nemi gudumarsa ya rasa, har ya shaƙe mai facin tayar da ke maƙwabtaka da shi. Ya dawo gida a fusace, sai ga kunkuru yana taunar latas.

"Kai, ɗan baba ya tashi. Ina gam ɗin?"

"Ya ɓamɓare," in ji matar, ba ta ɗago ba. "Sa masa wani, wurin ya ɗan yi jini."

Ya sa, yana 'yar waƙarsa. Ya kira ƙanin matar a waya. "Ka tsallake, ɗan banza. Zo ka ɗauki babur ɗinka."

Ya kwashi audugar da ya goge jinin, ya zagaya bayan kicin, ya ɗaga murfin bokitin shara. Gudumarsa ce a sama. A ƙarƙashinta ɗan baba ne a sandare da tsohon gam a bayansa, kusa da wasu 'yan kunkuru biyu na kasuwa da bugun gudumar ya yi wa yawa.