Fuskar Shahidi

Limamin cocin ya ɗage ƙyallen da ke kan mutum-mutumin shahidin, ya ƙura masa ido. Matar da ta ƙera shi tana tsaye a gefe. Ta daɗe tana koyon ƙera siffofin waliyyai da yumɓu a wani lungu na birnin Napoli, kuma malaminta bai taɓa yaba mata ba.

"Shahidi na ce ki yi, baiwar Allah," malamin yakan ce mata, "ke kuma kin kawo mini wanda ya ƙoshi da taliya. Je ki nemo mai shan azaba ki kalla."

Ba ta yi nisa ba ta samu.

Yanzu ga liman yana share hawaye, yana cewa kusa da bagade, teburin ibada na gaban coci, za a ajiye shi. Tsofaffin matan unguwa har sun durƙusa.

Mijinta ya matso, ya daɗe yana kallon fuskar yumɓun.

"Ban san dalili ba," ya ce, "amma ina jin ciwon bawan Allahn nan har cikin raina."

Ta gyaɗa kai kawai. Fuskar da yake yi ce duk ranar da ta ce ya wanke kwanon da ya ci abinci.