Sawun Tabawa a Kan Toka

Tun da aka shimfiɗa rumfa a sararin sama domin rage zafin rana, dusar ƙanƙara take sauka a ƙauyenmu. Kowace safiya matata Tabawa takan barbaɗa tokar murhu daga ɗaki zuwa zaure, kada santsi ya kayar da ni. Ranar Laraba muka binne ta.

Yau jikanyarmu Kande ta fito da shebur.

"Kaka, masu rabon gawayi ba sa shiga gidan da ba a kwashe ƙanƙararsa ba."

"Bar wannan gefen, amarya. Sawun kakarki ne a kai."

"Sawun ne zai ɗumama mu?"

Na dubi hannuwanta, duk sanyi ya farfasa su. Sai na karɓi shebur ɗin, na tura ta ɗaki, na kwashe sawun matata da kaina.