Kuncin Dama, Kuncin Hagu

Auta ta zauna a bakin gado ta ɗaga haɓa, Yaya ya tsaya a kanta da auduga a hannu, yana hura hanci kamar likitan da aka taso daga ɗakin tiyata.

Shekara tara ya yi a waje. A shekara taran nan sau huɗu ya kira ta, biyu daga ciki kuskuren lamba ne. Da ya dawo, Umma ta samu gyale, ita ko tsinke. Amma ranar da ya ji saura mako uku ta je gwajin karanta labarai a gidan talabijin, aikin da ta shekara biyu tana bi, sai ga shi a ɗakinta da kwalabe uku. Zumunci ya motsa.

"Kyamara ba ta rufa wa kowa asiri, Auta. Ƙurajen nan sai ta ƙirga su ɗaya-ɗaya."

Ya jera kwalaben gaban madubi ya ɗauko darasi. Duk asid ne masu saɓe matacciyar fata. Gilaikolik mai zafin nama ne, sama yake kankarewa. Laktik ɗan'uwansa ne mai sanyin hali. Salisilik kuwa ramukan fata yake bi ya kwaso maiƙo. Ta tambaye shi wanne ya dace da ita. Ya ce wannan tambayar wanda bai taɓa fita ba ce. A can ba a zaɓe, raba fuska ake yi. Gilaikolik a kuncin dama, laktik a na hagu, salisilik a goshi.

Umma ta leƙo ta ce, "Fuska ce ko fili, da za a yanka ta fuloti uku?"

Auta ta ji haushi. Me Umma ta sani? Mutumin da ya kwana a jirgin sama ake wa gardama?

Kullum da safe sai ya ja ta bakin taga, ya juya kanta dama, ya juya hagu, ya ɗauki hoto. Ya tambaye ta ina ke zafi, ina ke ƙaiƙayi, ya rubuta. Wata rana har ya kara wayarsa kusa da kuncinta, da hoton budurwarsa, ma'aikaciyar bankin nan da saura wata biyu bikinsu, wadda ko sabulu ba ta canzawa sai ta yi bincike.

"Ikon Allah, kalarku ɗaya da Antinki. Har maiƙon."

Auta ta yini tana murmushi. Tunda take, ba a taɓa kallon fuskarta haka ba. Ta fara gaya wa ƙawayenta cewa masu cewa Yaya ba ya kula mutane ba su san shi ba ne.

A kwana na goma kuncin dama ya fara raɗaɗi kamar an goga barkono. Yaya ya ce aiki ne yake yi. Ya ma ƙara, daga sau biyu a mako ya koma kullum, wai lokaci yana ƙurewa. Ta ji daɗin yadda ya ɗauki gwajinta da zafi.

Ranar gwajin ta tashi ta dubi madubi. Kuncin dama ya yi baƙi yana ɓawo kamar gindin tukunya. Goshi ya bushe ƙayau. Na hagu kuwa sumul, har sheƙi yake. Ta shafa hoda, hodar ta tsaya a kan ɓawon tana ƙara tona shi. Ta ruga wurin Yaya da hawaye.

Ya ja ta bakin taga. Ya daɗe yana kallo, hankalinsa kwance, ya ɗauki hoto uku. Natsuwarsa ce ma ta ba ta ƙarfin fita.

A gidan talabijin ta karanta labaran a karkace, ta ba kyamara gefen hagu. Sau uku daraktan yana cewa, "Baiwar Allah, nan za ki kalla." A na huɗu ta kalla. Nan take ya ce za su neme ta. Ko lambarta bai duba ba.

Ta dawo gida da takalmi a hannu, tana shirya yadda za ta gaya wa Yaya ba tare da ya zargi kansa ba. Bawan Allah, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ta same shi a falo, ya miƙe a doguwar kujera, ya ba ƙofa baya, yana sauraron saƙon murya. Muryar Anti ce, tana dariya.

"Masoyi, na ga hotunan, na hagun zan shafa. Ka ga amfanin shawarata da na ce mu fara gwadawa a fuskar ƙanwarka?"