Ranar da Golan Ya Sauko Daga Jirgi

Maɓallin wuyan rigar Don Fermin Olivera ya ƙi shiga. Matarsa Amparo ta ture hannunsa ta ɓalla masa.

"Haba tsoho, sai ka ce wanda za a kai kotu? Baƙo fa za ka tara."

Baƙon shi ne Ruperto Salgado, kuma duk garin Punta Ceniza babu wanda bai san sunan ba. Shi ne golan ƙasar da aka doke a wasan ƙarshe na cin kofi, shekara arba'in da biyu da suka wuce. A zamanin nan doka ta yarda ka bangaji gola in yana riƙe da ƙwallo. Saura minti biyu a tashi, Salgado ya cafe ta, aka zo masa da kafaɗa aka zuba shi cikin raga, shi da ƙwallon. Ƙugunsa ya daki turken raga ya karye. Bai sake wasa ba.

A yammacin ranar waya ta iso gari: "Olivera ya ci. Kofi namu ne."

Ba ƙaramar tafiya aka sha kafin kofin nan ba. Kwana tara a teku, jirgi na tangal-tangal. Tun kafin su tashi aka aika sunayen mutum goma sha ɗaya ta waya, kuma su ɗin ne dole su buga. Ba canji, ba lamba a bayan riga, kowa da farar hularsa har gira. Ƙasar da ta sa wanda ba ya cikin sunayen, a ƙwace mata kofi ko da ta ci.

Da suka dawo, a kafaɗa aka ɗauko Fermin daga bakin ruwa har gida. Aka raɗa wa titi sunansa. Mai kamfanin ƙanƙara na garin ya ba shi kujera a ofis, ya kuma ba shi 'yarsa Amparo. Shi kuwa ya rataye takalmansa yana ɗan shekara ashirin da huɗu, ya ce ya gama. Duk shekara sai an zaunar da shi a kulob an matsa masa ya ba da labari, shi kuma ya kalli ƙasa ya ce, "Aka bugo, aka shiga, shi ke nan." Mutane su ce kai, wannan bawan Allah akwai kunya. A ganinsu gurguncin Salgado ne ke cin ransa.

Sai ga wasiƙa daga Salgado zuwa kulob a watan jiya. "Na tsufa. Ina so in ga Oliveran nan kafin in mutu. Fuskarsa ce abin da na gani ƙarshe kafin in faɗi, kuma ko kwana ɗaya ban manta ta ba."

Tsoro ya kama Don Fermin, tsoro na gaske. Ya ce ba shi da lafiya, likita ya zo ya duba ya ce garau yake, likitan kuwa shi ne shugaban kulob. Ya ce zai je gonar surukinsa, ruwa ya cinye gada. Ya rubuta wa abokan wasansa uku da suka rage a raye, kowa ya aiko da uzuri. Yau da safe mota ta tsaya a ƙofarsa, ga 'yan kwamitin tarba biyu sun sa shi a tsakiya.

Bakin ruwa ya cika maƙil. Masu busa da ganga, magajin gari, kofin kansa an goge shi an ɗora a tebur. Aka rataya wa Don Fermin ƙyalle mai launin tuta, aka tsayar da shi daidai ƙasan matakalar jirgi. Ta bayansa jama'a, ta gabansa ruwa.

'Yan dako na gefe suna jiran kaya. Cikinsu har da Casildo, wani ƙato mai furfura, wanda shi ya yi wa tawaga dakon akwatuna da hura ƙwallo a waccan tafiyar. Ya dubi Don Fermin ya yi murmushi.

"Gwarzo, ka yi fari fat. Yau ma tekun ce? Ai a ƙasa kake."

"Casildo, don Allah tafi gida. Yau kawai."

"In tafi yarana su ci me? Titinka?"

Aka sauke matakala. Wani tsoho ya fito yana jan ƙafa, sanda a hannu, yana saukowa ɗaya bayan ɗaya. Masu busa suka ɗauka. Magajin gari ya dafa bayan Don Fermin ya tura shi gaba, Don Fermin ya miƙa hannu.

Salgado ya dube shi, ya ɗan sunkuyar da kai irin gaisuwar da ake yi wa manyan gari, ya wuce. Idonsa na bin fuskoki. Can ya tsaya cak, sandar ta faɗi. Ya ratsa 'yan kwamiti ya rungume ɗan dakon da ke saɓe da akwatinsa.

"Olivera! Ɗan banza mai kafaɗar bijimi! Kwana tara na yi a ruwa don in ce maka na yafe!"

Busa ta mutu. Amparo ta juyo tana duban mijinta, shi kuwa ya kasa ɗaga kai, don ranar da aka ci kofin nan yana kwance a ɗakin jirgi rungume da bokiti yana amai, Casildo ne ya sa rigarsa da hularsa ya shiga fili.